Tarihin Kwamfutar Haɗi: Daga Akwatin IBM Zuwa Unguwar Briqueterie Da Kasuwar Mokolo A Yawunde

Tsakure

Wannan muƙala ta bibiyi tarihin kwamfutar haɗi, wato kwamfutar tebur wadda ake sayen sassanta daban-daban a harhaɗa, musamman irin wadda ake haɗawa domin wasanni. An faro daga Amurka a shekarar 1975, aka biyo sawunta har zuwa Yawunde, babban birnin Kamaru, inda aka yada zango a unguwar Hausawa ta Briqueterie da kasuwar Mokolo. Muƙalar ta nuna cewa abin da ya bai wa mai ƙaramin ƙarfi damar mallakar irin wannan na'ura shi ne daidaiton ma'aunin sassanta, kuma wannan dama tana ƙara tsukewa a yau.

1.0 Gabatarwa

Mai son sabuwar riga yana da hanya biyu. Ko dai ya shiga kanti ya sayi ɗinkakkiya, ko kuma ya yanki yadi ya kai wa tela ya auna shi ya ɗinka masa. Wanda ya bi hanya ta biyu shi ke zaɓen yadinsa da zarensa da irin aikin da za a yi masa a wuya, gwargwadon abin da ke aljihunsa. Idan rigar ta matse shi, tela ya san inda zai farke ya ƙara mata faɗi.

Haka abin yake ga kwamfuta. Akwai wadda kamfani ya haɗa ya rufe, akwai kuma wadda mutum yake tara sassanta ya haɗa da hannunsa, ko ya kai wa mai gyara ya haɗa masa. Ta biyun ce ake kira kwamfutar haɗi. Masu wasannin kwamfuta, waɗanda matasa ke kira 'yan gem, su suka fi kowa riƙo da ita, domin wasa yana buƙatar na'ura mai ƙarfi, sabuwa kuwa a kanti tana da ɗan karen tsada. Kafin a shiga tarihin na'urar, ya dace a fara sanin wurin da za a sauke ta.

2.0 Briqueterie Da Mokolo

Jamusawa ne suka kafa sansanin da ya zama birnin Yawunde a shekarar 1889, a ƙasar ƙabilar Ewondo. Tun a wancan zamani fataken Hausawa suke gangarowa daga Adamawa ta hanyar Tibati da Yoko, suna kawo tufafi da gishiri da kayan fata, suna komawa da hauren giwa da goro da ɗanyen roba. Jamusawa sun bar garin a farkon 1916, sannan Faransawa suka mayar da shi hedikwatar mulkinsu a farkon shekarun 1920. Yayin da gari yake faɗaɗa, an sha tayar da zangon Hausawa daga wannan wuri zuwa wancan, har aka zaunar da shi a shekarun 1930 a inda yake a yau. Sunan unguwar ya samo asali ne daga masana'antar bulo da Turawa suka kafa a wurin, domin ma'anar Briqueterie ke nan da Faransanci. Jama'ar gari kan gajarta sunan su ce Birik.

Akwai abu biyu da ɗalibi zai kiyaye. Na farko, a kudancin Kamaru kalmar Hausa takan ƙunshi kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa, ko Bafillace ne ko Babarbare. Saboda haka unguwar ta tara ƙabilu da dama, har da 'yan asalin Nijeriya da Nijar da Chadi da Mali da Senegal, Hausa kuma tana cikin manyan harsunan da ake ciniki da su a can. Na biyu, Mokolon da ake nufi a nan ita ce unguwa da babbar kasuwar da ke gunduma ta biyu ta Yawunde, kusa da Briqueterie. Akwai wani gari mai wannan suna a can Arewa Mai Nisa, kusa da iyakar Nijeriya, wanda ba shi ake magana a kai ba.

An san Briqueterie da shagunan yadi da teloli da masu surfani da masu tsire. An san Mokolo kuma da kayan masarufi da kayan gwanjo iri-iri. Titin jirgin ƙasa daga tashar ruwa ta Duwala ya iso Yawunde a 1927, aka kuma miƙa shi zuwa Gaundare a 1974. Ke nan tun kafin kwamfuta ta zo, mutanen wannan yanki sun saba da sana'ar da ake sayo kaya daga nesa, a yanka, a haɗa, a gyara a kusa. Wannan ita ce ƙasar da irin ya faɗa a kanta.

3.0 Asalin Kwamfutar Haɗi

Ƙaramar kwamfuta ta fara rayuwarta ne a matsayin kayan haɗi. A watan Janairu na 1975 wata mujallar Amurka mai suna Popular Electronics ta buga hoton na'urar Altair 8800 a bangonta. Ana aiko wa mai saye da sassanta a kwali, shi zai zauna da dalma ya haɗa. A 1976 kamfanin Apple ya fitar da kwamfutarsa ta farko a kan dala 666.66, kuma allo ne tsirara, mai saye shi zai nemo akwati da madannai da abin kallo.

Babban sauyi ya zo ne ranar 12 ga Agusta, 1981, lokacin da kamfanin IBM ya fitar da tasa ƙaramar kwamfutar a kan dala 1,565. An bai wa ayarin injiniyoyin da Don Estridge ya jagoranta kimanin shekara guda su kammala aikin. Gajeren lokacin nan ya hana su ƙera komai da kansu, sai suka sayo masarrafi daga Intel, suka karɓo manhajar gudanarwa daga Microsoft. Bugu da ƙari, sun bar gurabe biyar a jikin babban allon na'urar domin a riƙa soka wasu katuna, suka kuma wallafa littafi mai ɗauke da zanen cikinta dalla-dalla, don wasu kamfanoni su ƙera waɗannan katuna.

Abin da IBM bai hango ba shi ne, wanda ya iya ƙera kati zai iya ƙera na'urar baki ɗaya. Kamfanin Compaq ya fito da kwatankwacinta a 1983. A 1984 kamfanin Phoenix ya fara sayar da ƙaramar manhajar tayar da na'ura ga duk mai so, ita kuma Microsoft dama ta riƙe 'yancin sayar da manhajarta ga kowa. IBM ya yi yunƙurin rufe ƙofar a 1987 da wani sabon tsari nasa na kansa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, kasuwa ta ƙi bin sa. Kamfanonin Taiwan irin su Asus da Gigabyte da MSI suka shiga ƙera manyan alluna da yawa a farashi mai sauƙi. A 1995 Intel ya fitar da ma'aunin ATX, wanda ya ƙayyade girman babban allo da wuraren da za a ɗaure shi da yadda wuta za ta shige shi. Daga nan ya zama allon da aka ƙera a Taiwan zai zauna daram a akwatin da aka ƙera a Sin. Shi kuwa IBM, a 2005 ya sayar wa kamfanin Lenovo na Sin sashensa na ƙananan kwamfutoci, ya fita daga kasuwar da ya buɗe.

3.1 Sassan Da Ake Haɗawa

Manyan sassan kwamfutar haɗi bakwai ne:

i. Masarrafi: shi ne ke yin lissafi da zartar da umarni.

ii. Babban allo: a jikinsa ake soka sauran sassa, shi ke sada su da juna.

iii. Ma'adanar wucin gadi, wadda masu gyara ke kira ram: a nan na'ura ke baza aikin da take yi a lokacin, da zarar an kashe wuta kuma sai ya goge.

iv. Rumbun ajiya: inda manhajoji da takardu da hotuna suke zama dindindin.

v. Katin hoto: shi ke zana abin da ido yake gani a allon kallo.

vi. Akwatin wuta: shi ke karɓar wutar bango ya rage ƙarfinta ya raba wa sassa.

vii. Gida, wato akwatin da ke ɗauke da su duka, tare da fankokin da ke fitar da zafi.

4.0 Yadda Wasanni Suka Ja Ragama

Aikin ofis ba ya wahalar da kwamfuta sosai. Wasa kuwa yana tilasta mata ta sake zana duk abin da ke allon kallo sau talatin ko sittin a cikin daƙiƙa guda. Wasan Doom na 1993 da Quake na 1996, dukkansu daga kamfanin id Software, sun sa dubban mutane sun buɗe akwatunansu suna neman abin da za su ƙara. A 1996 kamfanin 3dfx ya fitar da katin Voodoo, wanda aikinsa kawai zana hotuna masu zurfi. A 1999 Nvidia ya fitar da GeForce 256. A 2003 kamfanin Valve ya buɗe dandalin Steam, inda daga baya sayen wasa ya koma saukewa ta intanet maimakon sayen faifai.

Tun daga lokacin katin hoto ya zama sashen da ya fi kowane tsada a kwamfutar wasa, shi ne kuma ya fi shan wuta. Katin RTX 4090 na shekarar 2022 shi kaɗai yana iya jan wat 450. Amfanin wannan tsere ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne, duk lokacin da masu hali a Turai da Amurka suka sayi sabon kati, na jiya sai ya faɗo kasuwar gwanjo, kuma yana nan da sauran ƙarfinsa.

5.0 Isowarta Yawunde

Kwamfuta ta daɗe a ma'aikatun gwamnati da bankuna da jami'a kafin ta shiga unguwa. An kafa Jami'ar Yawunde a 1962, aka kuma buɗe babbar makarantar koyon aikin injiniya ta Polytechnique a 1971. Amma abin da ya tsara yadda talaka zai sadu da ita ya faru ne a fagen kuɗi. A 1993 an zabge albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu. A watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. A dare ɗaya farashin duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka. Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin ma'aikaci, balle ɗalibi.

Wannan ne ya ƙarfafa cinikin kayan da aka yi amfani da su a Turai. Shagunan da ake kira brocante suka yawaita a Duwala da Yawunde, ana sauke musu kwantenoni cike da firji da talabijin da kujeru da kwamfutocin da ofisoshin Faransa da Beljiyam da Jamus suka sallama. A cikin kaya guda za a tarar da mai rai da matacciya. Mai gyara sai ya ciro ram daga wannan, ya ciro rumbu daga waccan, ya tayar da guda biyu daga cikin uku. Makarantar farko ta masu haɗa kwamfuta ke nan.

Intanet ya shigo Kamaru a 1997, kuma babbar wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 da ta sauka a Duwala ta fara aiki a 2002. A tsakanin waɗannan shekaru da bayansu shagunan intanet suka bazu a unguwannin Yawunde. Kowane shago yana da kwamfutocin tebur a jere, suna aiki daga safe har dare, suna lalacewa, ana gyara su. A nan matasa da yawa suka fara ganin cikin na'ura. A gefe guda kuma akwai gidajen gem, inda ake biyan 'yan canji a buga ƙwallon ƙafa a na'urar PlayStation. Bambancin da ke tsakanin na'urorin biyu shi ne, ita PlayStation yadda ta fito daga kamfani haka ƙarfinta zai tsaya har ta tsufa, kwamfutar tebur kuwa ana iya ƙara mata.

Cibiyar cinikin waya da kwamfuta a Yawunde ita ce titin Kennedy da ke tsakiyar gari, kamar yadda Kano take da titin Beirut da kasuwar Farm Centre, Legas kuma take da Computer Village a Ikeja. Daga shekarun 2000 'yan kasuwa suka ƙara da zuwa Dubai da Guangzhou suna sayo sababbin sassa. Saurayin da ya tashi a Briqueterie yana tsakanin waɗannan kafofi: gwanjon Mokolo a gefensa, titin Kennedy kuma tafiyar tasi ɗaya ce. Da wayar hannu mai intanet ta yaɗu bayan shigowar tsarin 3G a 2014 da 2015, shagunan intanet suka yi ta rufewa, kwamfutocinsu kuma suka koma hannun ɗalibai da masu buga takardu da 'yan gem.

6.0 Haɗi Da Ƙari

Hanyar da mai ƙaramin ƙarfi ke bi a yau sananniya ce a Yawunde da Kano da Maraɗi, har ma da ƙasashen da kayan suke fitowa. Yakan fara ne da tsohuwar kwamfutar ofis ta Dell ko HP ko Lenovo mai masarrafin Core i5. Da farko sai ya ƙara mata ram daga gigabayit 4 zuwa 8 ko 16. Idan ya sake samun kuɗi, sai ya cire tsohon rumbu mai faifai mai juyawa, ya sa na zamani wanda ba shi da abin da ke motsi a ciki. Wannan sauyi kaɗai yakan rage lokacin tashin na'ura daga minti guda ko fiye zuwa 'yan daƙiƙoƙi. Katin hoto shi ne na ƙarshe. Da yayyafi kogi kan cika, kuma a duk tsawon wannan lokaci na'urar tana aiki, ana karatu da ita, ana neman kuɗi da ita.

Sai dai aikin yana da ƙa'idoji, wanda ya jahilce su kuma zai yi asara. Akwatin wutar kwamfutar ofis ƙarami ne, galibi tsakanin wat 200 da 300, saboda haka ba zai ɗauki babban kati ba. Dalili ke nan da ya sa katuna irin su GTX 1050 Ti na 2016 suka yi farin jini, domin ba sa wuce wat 75 da gurbin babban allo yake bayarwa. Haka kuma ram iri-iri ce. Ta DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4, saboda tsagar da ke ƙasan kowace tana wuri daban. Shi ma masarrafi yana da gurbinsa, na Intel ba ya zama a allon AMD. Wasu manyan kamfanoni kuma sukan sauya fasalin mahaɗar wuta a kwamfutocinsu na ofis, ta yadda akwatin wutar kasuwa ba zai shiga ba sai da wata 'yar waya ta musamman. A kasuwar gwanjo ba a bayar da takardar lamuni mai tsawo, don haka al'adar ita ce a kunna kaya a gwada a gaban mai saye kafin kuɗi su fita daga hannu.

7.0 Tebur, Wuta Da Haruffa

Haɗa na'ura rabin aiki ne, sauran rabin yana kan tebur. Shi kansa teburin ba a cika sayo shi daga waje ba. Kamaru ƙasar katako ce, kafinta zai auna ɗaki ya ƙera shi daidai wurin. Abin da ake kula da shi shi ne a ɗaga akwatin na'ura daga ƙasa saboda ƙura da laima, a bar masa sarari ta baya don iska ta fita, a kuma sa saman allon kallo daidai da idon mai zama. Yawunde tana kan tuddai masu tsayin kimanin mita 750, don haka ba ta da zafin Kano ko Sakkwato, inda bazara kan haura digiri 40. Amma tana da jar ƙura a lokacin rani, wadda ke toshe fankoki idan ba a share ta.

Babbar matsala ita ce wuta. Mafi yawan lantarkin kudancin Kamaru yana fitowa ne daga madatsun kogin Sanaga, wato Edea da Song Loulou, sai kuma sabuwar madatsar Nachtigal mai megawat 420. Duk da haka ɗauke wuta, wanda ake kira délestage a can, abu ne da kowa ya saba da shi. Yankewar wuta farat ɗaya na iya lalata abin da ke rumbu, dawowarta da ƙarfi kuma na iya ƙone akwatin wuta. Saboda haka mai hankali yakan sayi na'urar daidaita wuta da batirin ko-ta-kwana, wanda ake kira onduleur, kafin ya yi tunanin fitilun ado. Akwai kuma wani tarko ga kayan da suka fito daga Amurka. Wutar can bolt 120 ce, ta Kamaru kuwa 220. Tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan jan makunni a baya, wanda idan ba a tura shi ba kafin a jona, na'urar za ta yi ƙara ta ƙone nan take.

Allon madannai shi ne inda wannan tarihi ya taɓo ɗalibin Hausa kai tsaye. Na Faransa yana farawa da haruffan AZERTY, na Ingila da Amurka da QWERTY, na Jamus kuma da QWERTZ, duk kuma ana samun su a tulin gwanjo guda. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, ko ƴ da ake rubutawa a Nijar. Haruffan suna cikin ma'aunin Unicode tun fitowarsa ta farko a 1991, wato na'ura ta san su, madannan ne ba su da su. Kamaru ta amince da tsarin bai ɗaya na rubuta harsunanta a 1979, wanda Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo suka tsara, kuma ƙungiyar SIL da ke Yawunde ta samar da manhajar madannai da ke fitar da haruffan wannan tsari. An kuma ƙera allon madannai mai suna Konyin domin harsunan Nijeriya. Wanda ya haɗa kwamfuta ya bar ta ba ta iya bambance ƙofa da kofa, ko ɓata da bata, bai gama haɗa ta ba.

8.0 Daga Mai Wasa Zuwa Mai Ƙira

Iyaye da dama suna kallon kwamfutar wasa a matsayin hanyar ɓata lokaci da kuɗi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a damuwarsu. Amma tarihin Yawunde ya nuna wata fuskar. Olivier Madiba ya fara ƙirƙirar wasa tun yana ɗalibi a 2003, daga baya shi da abokansa suka kafa kamfanin Kiro'o Games a birnin. Duk da yawan ɗauke wuta da ƙarancin jari, sun fitar da wasan Aurion a dandalin Steam a watan Afrilu na 2016, wasan da aka gina labarinsa da suturarsa a kan al'adun Afirka. A wani fagen kuma, Arthur Zang, wanda ya yi karatu a Polytechnique, ya ƙera na'urar Cardiopad mai auna bugun zuciya ta aika wa likita daga nesa, ya kuma ci lambar yabo ta Rolex a 2014.

Katin hoton da ke zana filin ƙwallo shi ne kuma ke tace fim da zanen gini da zanen surfanin da injin ɗinki na zamani yake bi. A unguwar teloli irin Briqueterie, da masana'antar fim irin ta Kano, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

9.0 Ƙofar Da Ke Tsukewa

Damar da aka samu a 1981 ba ta da tabbacin dorewa. Wayar hannu, wadda ita ce kwamfutar mafi yawan jama'a a yau, a rufe take zuwa, ba a ƙara mata ram. Kwamfutocin cinya da yawa suna zuwa da ram a manne da dalma a jikin allo, tun daga 2020 kuma Apple ya haɗe masarrafi da ram a ƙunshi guda. Ko kwamfutoci 500,000 da gwamnatin Kamaru ta yi alkawarin raba wa ɗaliban jami'a a 2016, aka fara rabawa a ƙarshen 2017, ƙanana ne na cinya da aka yi domin karatu da rubutu, ba irin waɗanda ake buɗewa a riƙa yi musu ƙari ba.

Farashi ma ya zama shinge. Tsakanin 2020 da 2022 annobar korona da masu haƙar kuɗin intanet sun sa katin hoto ya yi wuyar samu a duniya, daga baya kuma kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka shigo suna wawashe abin da masana'antu ke fitarwa. Sannan ga batun manhaja. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 ba ya karɓar mafi yawan masarrafan da aka ƙera kafin 2017. Ma'anar wannan ita ce, ɗimbin kwamfutoci masu rai za su bar ofisoshin Turai su nufo tashoshi irin na Duwala. Za su yi araha, amma sun rasa kariyar da kamfani ke bayarwa. Mafita ɗaya ita ce manhajar Linux, wadda kyauta ce, kuma tun 2018 Valve ya sauƙaƙa buga wasannin Steam a kanta. Abin da ya mutu murus kuwa yana zama shara mai guba, wadda yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 suka yi nufin hana jibge wa Afirka.

10.0 Kammalawa

An ga yadda gaggawar wani kamfani a 1981 ta haifar da na'urar da kowa zai iya buɗewa, yadda wasanni suka ƙara mata ƙarfi, da yadda karyewar sefa a 1994 da cinikin gwanjo suka kawo ta hannun matasan Yawunde. An kuma ga cewa ta dace da sana'ar da Hausawan Briqueterie suka gada ta sayo kaya daga nesa a sarrafa shi a gida. Muddin sassa suna bin ma'auni guda, mai kuɗi kaɗan zai iya farawa da abin da ya samu ya yi ta ƙari, mai gyara kuma zai ci abinci. Idan na'urori suka koma rufaffu gaba ɗaya, dukkansu biyu za su koma masu saye kawai.

Akwai aikin da ke jiran ɗaliban Hausa a nan. Mai gyara a Kano yana aron kalmominsa daga Ingilishi, takwaransa na Yawunde ko Maraɗi yana aro daga Faransanci, kafofin yaɗa labarai kuma suna ƙirƙiro nasu, irin su na'ura mai ƙwaƙwalwa da manhaja da linzami. Ya kamata a je shagunan nan a zauna da masu sana'ar, a rubuta sunan da suke kiran kowane sashe da shi, da karin maganar da suke yi a kan kayan da ya mutu da wanda ya tashi, sannan a kwatanta na wannan gari da na wancan. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin kundin digirinsa zai tarar da masu ba shi bayani suna nan da ransu, a bakin teburinsu, daga Mokolo har titin Beirut.